Sanarwa: za mu dawo da kallon fina-finan Canis

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Maganar da muka daɗe muna ja ta tabbata: mun samu aron majigi da farin ƙyalle, za mu fara haska tsofaffin fina-finan faɗa Asabar mai zuwa da daddare.

Da na kamfanin Shaw Brothers na Hon Kon za mu buɗe, wanda aka kafa a 1958, daga baya mu shiga na Golden Harvest. Waɗannan finafinai don faffaɗan allo aka ɗauke su. Kaset ɗin da muka taso da shi yana yanke gefe da gefe, shi ya sa za ka ga jarumi ya kai naushi amma ba ka ga wanda ya sha ba. Jiya na gwada majigin a bango, sai ga almajiran malamin faɗa takwas sun jeru a cikin fim ɗin a inda dā uku kawai nake gani. Kuma kada wani ya ce sauti ya lalace in baki bai bi magana ba. Bayan an gama ɗauka ake ɗora muryoyi.

Masu son Burus Li ku yi haƙuri, sai zama na biyu. Har yanzu muna neman lasifika da doguwar wayar wuta. Mai su ya yi magana kafin Alhamis.