Wasiƙa Daga Aboabo: Ranar Da Na Kai Yara Awo

Aboabo, Kumasi

Baturen Zango,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Jamus bai ƙarasa maka gwiwar nan ba. Na san ni ne da laifi. Tun babbar Sallah ban ce maka uffan ba, saƙonka na murya na ƙarshe ma ban buɗe ba don na san zagi ne a ciki. Dama akwai tambayar da nake son yi maka kan injin pragyar nan, keken hayata mai ƙafa uku, da muka yi magana, amma bari in fara sauke abin da ke cina.

Ka tuna ƙanwata da aka aurar ƙauyen bayan Walewale? Bayan girbi ta zo da 'yarta mai shekara 3. Da na ga yarinyar sai da gabana ya faɗi, tsayinta kamar na 'yar shekara 2. Nan take na bugi ƙirji na ce a bar mana ita a birni ta ci mai kyau ta miƙe. Ka san bakina.

Ranar awo sai mai ɗakina ta tashi ba lafiya (zan zo kan wannan, kada ka fara dariya tukuna), dole na ɗauki yarinyar da autana na tafi da kaina. Mutumina, mata sun fi 40 a kan benci, ni kaɗai ne namiji, ga littafin awo biyu a hammata. Wata tsohuwa har da tambayata ko yaji aka yi mini. Aka zura auta a wandon awon nan, aka rataye shi a ƙugiyar sikeli yana ta tsala ihu yana wutsil-wutsil, allura ta tsaya a kilo 8. Nas ɗin ta buɗe littafi, ta bi layin da yatsa, ta ɗago ta kalle ni. Wata huɗu ke nan yana kilo 8, ga shi wata 14 da haihuwa. Sai ta ɗauko wata 'yar tsiririyar takarda mai launi uku ta naɗa masa a damtsen hagu. Ja ƙasa da santimita 11.5, ruwan ɗorawa daga nan zuwa 12.5, kore sama da haka. Ɗan birni, ɗan mai pragya biyu, ya faɗa ruwan ɗorawa. 'Yar ƙauyen da na kawo don in yi wa gata kuwa kore shar.

Ta ce in faɗi abin da yake ci. Na fara lissafi da ƙarfin gwiwa: koko da safe, koko da rana, biskit, lemon leda, Indomie idan yayyensa sun rage. Ina faɗa ina jin muryata tana raguwa. Ta ce ƙwai fa? Kifi? Wake? Na ce ai tsohuwa ta hana ƙwai, wai yana sa yaro sata. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce koko tsararo cika ciki kawai yake yi, yaro ya ƙoshi ya yi shiru, jiki kuwa bai samu abin gini ba. Mu da sunanmu ke kan koko a duk faɗin Ghana, har Tonawa, wato Asante, suna cewa Hausa koko, ashe ƙosan da muke hana yara shi ne mai amfanin.

Amma kada ka ɗauka yarinyar ta tsira. Da aka gwada tsayinta, santimita 85. Nas ta ce ramewa daban, tsumburewa daban. Ramewa ta kwanan nan ce, ana iya gyara ta cikin makonni. Tsumburewa kuwa tarawa take yi tun daga ciki har yaro ya cika shekara 2, kwana 1,000 ɗin da suke ta faɗa, kuma tsayin da aka rasa a lokacin da wuya ya dawo duka. Yanzu da kaka tana cin tuwon zafi da ayoyo da gyaɗa, shi ya sa damtsenta ya cika. Amma can damina ɗaya ce a shekara, ba biyu kamar nan ba, daga Yuni zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, uwa tana gona, ga zawo daga ruwan dam, ga zazzaɓin sauro. Kowace damina ta ɗan ciji tsayinta ta wuce.

Da dare na kasa barci na shiga bincike a waya. Binciken lafiya na ƙasa na 2014 ya nuna kashi 33 cikin 100 na yaran yankin Arewa sun tsumbure (lokacin Walewale tana cikinsa, ba a yanka North East ba), yankin Accra kuwa kashi 10. To, ƙauye ya fi shan wuya, ban musa ba. Sai dai wannan goman an haɗa ɗan East Legon ta masu kuɗi da ɗan Nima ta talakawa an raba ne. Zo kasuwar Kejetia da tsakar rana ka ga 'yan kayayo da goyo a baya, kwano a ka, yaro na tsotsar burodi tun safe. A can abinci ne ke yankewa, mu nan yana gabanka tuli amma komai sai da sidi, ko ganyen zogale da ake tsinka kyauta a bayan gida a ƙauye sai ka saya.

Af, Baba mai shayi ya ƙara aure. Eh, a wannan shekarun. An ɗaura bayan Juma'a, ya sha babbar riga har ƙasa, yanzu madarar shagonsa ta koma rabi, kowa ya san inda sauran ke tafiya. Ya ce in tuna maka bashin nan, bai yafe ba.

To, batun mai ɗakina. Ciki ne, wata 3. Na ji ka, na ji ka, rufe bakinka. Gwanne muka yi, kuma da tsofaffi suka gane sai suka sa aka yaye auta rana ɗaya, wai nonon mai ciki guba ne. Nas ta ce ba haka ba ne, da an bar shi yana sha. Ita ce ma ta gaya mini cewa kwashiyoko, tamowar nan mai kumbura ƙafa da jan gashi, kalmar ƙabilar Ga ta Accra ce, ma'anarta ciwon da yaro ke yi idan ƙani ya ture shi daga nono. Wata likita Cicely Williams da ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise a Accra ita ta shigar da sunan littattafan likitoci a 1935. Tana bayani, ni kuwa ji nake kamar da sunana take kira.

Alhamdu lillahi bai kai ja ba, don haka ba a ba mu gyaɗar leda ta asibiti ba. An koya mana haɗin Tom Brown: masara mudu huɗu, wake rabi, gyaɗa rabi, a soya a niƙa, a riƙa barbaɗa garin ƙananan kifi. Ƙwai kuwa ni ke dafawa a ɓoye a shago in kawo a aljihu, ɗaya nasa ɗaya na yarinyar, don ban shirya faɗa da tsohuwa ba. Jiya ta tsinci ɓawo a ƙarƙashin tabarma, ta dube ni, ba ta ce komai ba. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro.

Za mu koma awo nan da mako biyu. Ka sa mu a addu'a, kuma kada ka gaya wa 'yan majalisa zancen gwannen nan, na san halinka kai da mutanen ƙwallon Hearts ɗinka. Mai ɗakina tana gaida madam, ta ce man shafawar da madam ɗin ta aiko ya ƙare. Ga auta can ya farka, sai na ji daga gare ka.

Naka,
Mai pragya na Aboabo