Harafin 福 ba "baki da gona" ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Abin da mai gabatar da shirinku na daren Asabar ya faɗa kan harafin Sinanci 福, mai nufin albarka da sa'a, ya ɓata mini rai. Wai asalinsa baki guda da gona guda, wato wanda gonarsa ta ciyar da shi ya samu albarka. Wannan zancen bakin kasuwa ne.

Ba musu, a ɓangaren dama, 畐, ana ganin layi guda a sama, sai 口 mai nufin baki, sai 田 mai nufin gona. Amma siffar daga baya ce. A rubutun zamanin daular Shang da aka tono a garin Anyang na ƙasar Sin, wanda aka sassaƙa kan ƙashi da ƙoƙon kunkuru sama da shekara 3000 da suka wuce, wannan ɓangare hoton tulun giya ne, wani lokaci har da hannaye biyu riƙe da shi. Da rubutu ya sauya, cikin tulun ya yi kama da gona, wuyansa ya yi kama da baki. Ɓangaren hagu, 礻, daga 示 ya fito, wurin miƙa hadaya. Ana kai giya wurin bauta ana roƙon alheri, ma'anar albarka da sa'a daga nan take. Kuma 畐 ɗin shi ke nuna lafazin, fu, da murya mai hawa.

Abin takaici, da ya zo rubutawa a allo ma sai ya ƙara ɗigo a hagu, ya zama 衤, alamar tufafi. 礻 zane huɗu ne, 衤 biyar. Harafin gaba ɗaya zane 13 ne, duk wanda ya ƙirga 14 ya rubuta wani abu daban.

Dariyar da ya yi wa hoton harafin da aka manna kai ƙasa ita ma ba ta dace ba. Da gangan ake yi a bikin sabuwar shekarar Sinawa, kan jar takarda, domin kalmar kifewa, 倒, da ta isowa, 到, duk dao ake furta su. An kife 福, albarka ta iso ke nan. Shi ne kuma harafin farko a sunan lardin Fujian da birnin Fuzhou na ƙasar Sin.

Sannan don Allah ku rage ƙarar kiɗan da kuke sawa a bayan masu magana, tsofaffi ba sa jin rabin abin da ake faɗa.

Naku,
Mai kallo daga Zariya