Zuwa ga aminina, a kan yaren matuƙa jirgin ruwa

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na ga wata mai kamawa za ka fara koyon tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska, amma kalmomin matuƙa sun ɗaure maka kai. Ni ma da farko na ɗauka burga ce kawai, sai da na kwana biyu a kan ruwa na gane kowace kalma da dalilinta.

A cikin jirgi ba a cewa hagu ko dama, domin in kana fuskantar abokin aikinka, hagunka damansa ne. Shi ya sa kowane gefe ke da sunansa na dindindin. In ka fuskanci goshin jirgi, gefen hagu shi ne fot, na dama kuma sitabod. A zamanin da, a gefen dama ake ɗaure katakon juya jirgi, don haka gefen hagu ake jinginawa da tasha, kalmar fot ɗin ma tasha take nufi. Da dare fitilar fot ja ce, ta sitabod koriya. Wannan ka riƙe shi kamar sunanka: in ka hango ja da koriya tare cikin duhu, to jirgi ne ya nufo ka kai tsaye.

Gudu kuwa da not ake auna shi, wato ƙulli. Matuƙan da can sukan jefa katako a ruwa ɗaure da igiya mai ƙulle-ƙulle, su ƙirga ƙulli nawa ya zame daga hannu kafin agogon yashi ya tsiyaye. Yau not ɗaya mil ɗaya ne na teku a awa guda, wato mita 1,852. Zurfi kuma da fadom, awon gaba guda ke nan, ƙafa 6.

Wadda na fi so ka kiyaye ita ce bum, sandar nan da ke kwance a ƙasan ƙyallen jirgi. Jirgi ba ya iya fuskantar iska ido da ido, sai ya riƙa karkata nan da can, abin da suke kira takin. Duk juyawa, bum sai ta tsallaka ɗaya gefen da ƙarfi. Rana ta uku mai koya mana ya ɗaga murya ya yi gargaɗi, ni ina tsaye ina tunanin me yake nufi, sai ji na yi ta doke ni a kafaɗa. Da kai ta samu, da cikin ruwa za a tsamo ni. Don Allah in ka ji an ce za a juya, sunkuya tukuna, tambaya ta biyo baya.

Sai mede, daga Faransanci, ma'ana a taimake ni. Sau uku ake faɗinta a rediyo, tasha ta 16, kuma sai rai na cikin haɗari. Allah ya sa kada ka taɓa buƙatarta.

Ka rubuto mini ranar da ka fara riƙe sitiyari da kanka. A gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Amininka