Zaɓen babur mai bin kwalta da daji

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin masu bin hanyoyin karkara tsakanin Marwa, Yagwa da Kusiri a arewacin Kamaru game da babur mara nauyi, mai bin kwalta da daji.

A fara duba taya. Yamaha XTZ125 tana da ta gaba inci 21, Honda XR150L inci 19. Babbar ta fi ƙetare rami da yashin rafi. Inji mai girman cc 125 zuwa 150 ya isa, domin babur mai nauyi in ya kafe a laka da damina, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. Kafin a biya kuɗi, a tambayi bakanike ko kayan gyaransa suna kasuwa.

Wajen saiti aka fi kuskure. Sarƙa tana son ɗan sakewa, kamar yadda kamfanin ya rubuta. In an ɗaure ta tam irin ta babur ɗin gari, duk faɗawa rami sai ta miƙe ta cinye haƙoran giya. A cikin yashi a rage iskar taya kaɗan, amma in ta yi ƙasa sosai tayar na zamewa ta tsinke bakin tub.

Mai sayen man zuwa-zuwa, wato fetur na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya, ya sa ƙaramar matata tsakanin tanki da kafireto, kada datti ya toshe shi. Lokacin hunturu a riƙa duba matatar iska duk mako. Ta soso a wanke a shafa mai, ta takarda kuwa sauyawa ake yi.

Naka,
Mai karatu daga Garwa