Wasiƙa daga Faransa zuwa Damagaram

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Baba da Inna da duk mutanen gida a Birni. Ya zafi, ya fama da jama'a? Ni ina nan ƙalau, aiki sai godiya, sanyi ne kawai da yayyafin da ba ya ɗaukewa.

Kai na rubuto wa musamman, don kai ne mai wahala da yaran unguwa a fili kowace la'asar. Aiki ya kai mu yankin Bretagne, can yammacin ƙasar, muka sauka kusa da wani gari da ake kira Guingamp. Mutanensa wajen 7,000 ne, ko rabin Mirriya bai kai ba. Amma filin ƙwallonsu, Roudourou, yana ɗaukar mutum fiye da 18,000. Ko an kwashe garin kaf, har da jarirai da tsofaffi, ba za a cika rabinsa ba.

Su wa ke cika shi? Mutanen ƙauyuka. Manoma ne da masu kiwon shanu, suna tahowa daga ko'ina cikin ja da baƙi, kaka na riƙe da hannun jika. Dattijon da na zauna kusa da shi ya ce mahaifinsa ne ya fara kawo shi yana yaro, kuma har yau bai daina ba, ko ƙungiyar na sama ko ta faɗi. Ya san sunan kowane ɗan wasa, har da waɗanda ke benci. Mutanen birni kan kira su ƴan ƙauye don raini, su kuwa suka rungumi sunan, har da tarakta suke fitowa murna.

Kuma ba a banza suke alfahari ba. An kafa ƙungiyar tasu, En Avant, tun 1912. Sun ɗauki Kofin Faransa sau biyu, a 2009 da 2014, duka a kan Rennes, babban birnin yankin. Na farkon ma suna rukuni na biyu suka ɗauka. A na 2014 ɗan Mali, Mustapha Yatabaré, na cikin waɗanda suka ci. Drogba da yaranka ke ji da shi, a nan tauraronsa ya haska tare da Malouda, kafin Marseille ta ɗauke shi a 2003. Tun 2019 suka faɗo daga rukuni na ɗaya, amma jama'arsu ba su watse ba. Wasan da na kalla ba wani na a zo a gani ba ne, ƙwallon ma ta fi yawo a sama, sai dai waƙa ba ta yanke ba har aka tashi.

Yaya, abin ya tsaya mini a rai. Damagaram ta ninka wannan gari fiye da sau talatin. Muna da ƙungiyar Espoir, muna da yara masu ƙafa a Zango da Garin Malam da Kara-Kara. Amma ranar da Barça ko Real ke wasa gidan kallo ba masaka tsinke, a fada a kwana ana gardama kan shayi, in kuwa tamu ce ke buga wasa sai ka ƙirga ƴan kallo da ido. Ni ma haka na tashi, na sani. Lokacin da Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ta je Kofin Afirka a 2012 da 2013 ai kowa ya fito titi, ke nan son yana nan, ba a dai saba kai shi filin gida ba. Yaron da mahaifinsa bai taɓa zuwa kallonsa ba, da wane ƙarfin gwiwa zai dage?

Na sayi ƙwallaye da rigunan wasa ja da baƙi, zan ba wani ɗan gida da zai taho bayan salla, zai sauka Yamai ya sa maka a mota. Cikin kuɗin wannan wata ka cire jika goma ka kai yaran filin gari ranar wasa, su shiga da tikiti. Ka lallaɓi iyayensu ma, ko mutum biyu ne su raka ku. Sauran na Inna ne, na magani da cefane.

Ka gaida Baba, ka ce ya ci gaba da sa mini albarka. Ka gaida Anti da yara da ƴan fadarmu, ka turo mini hoton ƙungiyar in kayan sun iso.

Naka ƙane.