Inna, na ga masu tafiyar ƙasa irin ta Kaka

Assalamu alaikum Inna, ina wuni, ya gida ya zafi, ƙafar taki da sauƙi dai ko? Ni lafiya lau alhamdulillahi, aiki ne kawai ba kama hannun yaro.

Ran Litinin mun samu hutu sai ni da abokin zamana muka hau jirgin ƙasa daga garin Bayonne na nan Faransa, kamar awa ɗaya, zuwa wani ɗan gari a gindin duwatsu, Saint-Jean-Pied-de-Port, su 'yan garin Donibane Garazi suke ce mai da yarensu na Basque wanda ko Bafaranshe ba ya ji. Garin bai kai unguwarmu mutane ba amma tsoho ne sosai, ga ganuwa ga ƙofofi, kogin Nive ya raba shi biyu.

Abin da ya tsaya min a rai mutanen da na gani ne Inna. Kiristoci masu ziyara, wasu ma sun girmi Baba wallahi, kowa da jaka a baya da sanda, an rataya ma jakar ƙwaryar wani kifin teku, ita ce alamarsu. Daga nan suke tashi a ƙafa zuwa Santiago can ƙasar Sifen, kusan kilomita 800, sama da wata ɗaya suna tafiya, ranar farko ma sai sun haura dutse, tafiyar kilomita 25, kafin su sauka ƙauyen Roncevaux. Akwai ofishin da ake buga musu hatimi a ɗan littafi, duk inda suka kwana a ƙara wani.

Ina tsaye ina kallon wata tsohuwa tana ɗaure takalmi sai Kaka ya faɗo min a rai, yadda kike ba mu labarin hajjinsa a ƙafa ta Chadi da Sudan, yana noma a hanya yana neman guzuri, mu kuwa muna ta dariya wai ƙari kike. Ki yafe min, ni hawan tudun garin kaɗai sai da na huta sau biyu.

Ranar kasuwa ce, na sayi cukun tumaki, ya fi namu laushi, da barkonon Espelette wanda ko Auta zai sha ba ruwa. Nama dai ban taɓa ba, alade ya musu yawa.

Don Allah ki tambayar min Baba shekara nawa Kaka ya yi a hanyar nan, ina son in sani. A gaida Yaya da yara, kuɗin magani na nan tafe ƙarshen wata in sha Allah.

Ɗanki