Amsa ga Kawu kan kiranyen da aka yi wa sherif a Amurka

Assalamu alaikum Kawu, ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya, ya iyali ya jikin Inna.

Tambayar da ka jefo min a gaban jama'a ran taron ƙungiyar garinmu ta iso ni, yara sun turo min muryarka na saurara har sau uku. Ka ce wai da gaske ne a Amurka talakawa na iya tsige shugaban 'yan sandan yankinsu da ƙuri'a, kuma in haka ne ai an zubar da kwarjinin hukuma kenan, ɓarayi za su raina kaki. Toh tunda a bainar jama'a ka tambaya bari in amsa a bainar jama'a, kuma ka yi haƙuri Kawu don a rabi na biyun ban yarda da kai ba.

Eh gaskiya ne, a gabana ma aka yi. Amma fara sanin waye sherif, don ba irin DPO ɗinmu ba ne da ake turowa daga sama a ɗauke shi da takarda ɗaya. Zaɓensa ake yi kamar ciyaman, yawanci shekara 4, kuma akwai su wajen 3,000 a faɗin ƙasar. A cikin birni akwai 'yan sandan birni, amma da ka fita ƙauye inda gonaki suke toh sherif da yaransa su ne hukuma, su za ka kira in an fasa maka rumbu ko an yi haɗari a hanya cikin dare. Tunda mutane suka zaɓe shi, a yawancin jihohi babu wani oga da zai kira shi a waya ya ce tattara kayanka. Wannan shine daɗinta kuma shine haɗarinta.

Yankin da nake jan mota ina ɗaukar dankali da albasa, wato Benton a gabashin jihar Washington, bakin kogin Kolumbiya, hedikwatarsa wani ɗan gari ne Prosser, nan aka yi wa Sherif Jerry Hatcher kiranye a watan Agusta 2021. Abin da nake so ka riƙe Kawu, ba 'yan adawa ba ne suka tayar da maganar kuma ba ɓarayi ba, sajan ne daga cikin yaransa ya shigar da takardar, ƙungiyar jami'an da ke aiki a ƙarƙashinsa ta mara masa baya. Zarge-zarge 8 ne, ciki har da cewa an samu dubban harsasai na hukuma a gidansa da kuma cewa yana razana jami'an da suka ba da shaida a binciken da ya shafe shi. Shi dai ya musanta, ya ce bi-ta-da-ƙulli ne, kuma ba a hana shi kare kansa ba.

Kuma ba haka kawai ake tashi a ce mun gaji da kai ba. Dokar jihar ta ce sai an nuna laifi a bakin aiki ko karya rantsuwar kama aiki, alƙali ya duba ya ga zargin na da ƙafafu tukuna a ba da izinin tara sa hannu. Hatcher ya ɗaukaka ƙara har kotun ƙolin jihar, ta ce a ci gaba. Daga nan aka ba su kwana 180 su kawo sa hannun kashi 25 cikin 100 na ƙuri'un da aka jefa a zaɓen kujerar na baya, kusan mutum 14,000 kenan, a yankunan da mutanensu ba su kai 40,000 ba ma kashi 35 ake nema.

Nan ne abin ya taɓa ni wallahi. Sanyi ake yi ga korona, za ka ga tebur a bakin titi da mata biyu sanye da takunkumi suna riƙe da takardu, kuma ba dangwala yatsa ake yi a wuce ba, sunanka za ka rubuta da adireshin gidanka. Akwai wani dattijo manomi da nake ɗaukar kaya a gonarsa, gidansa shi kaɗai ne a tsakiyar fili, in wani abu ya same shi da dare motar ofishin sherif ce kawai za ta zo. Ya ce min da hannunsa ya zaɓi mutumin, kuma sai da ya yi sati yana wuce teburin nan bai tsaya ba, ran da ya tsaya ma ya daɗe a cikin mota kafin ya fito. Na ce me ya sa ka sa hannu, ya ce yaran da ke sintiri a hanyarsa ya san iyayensu, in su suka ce ba za su iya aiki da ogansu ba toh shi ba zai bar su su kaɗai ba. Ka ga wannan ba raina kaki ba ne Kawu, mutumin nan kakin yake karewa.

Sa hannun ya cika aka yi zaɓen kiranyen, da aka ƙirga ƙuri'u, kusan kashi uku cikin huɗu suka ce ya sauka. Kwamishinonin yankin suka naɗa wani ya riƙe, motocin sintiri ba su daina yawo ba ko na kwana ɗaya, ni da nake kan hanya kullum shaida ne.

Na san abin da ke ranka, don mu ma muna da kiranye a sashe na 69 na tsarin mulkin 1999, amma na 'yan majalisa ne kuma sai fiye da rabin duk masu rajista sun sa hannu, shi ya sa na Dino Melaye ya rushe a 2018 wajen tantancewa, na Sanata Natasha ma a 2025 INEC ta ce bai cika sharaɗi ba. Kuma ba ina cewa a kwaso tsarin sherif a kawo mana ba, a wurin da ake sayen ƙuri'a da taliya mai kuɗi zai saye mai bindiga ne kawai, wannan tsoron naka na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma yanzu da ake ta maganar 'yan sandan jihohi, tambayar da nake so ku dattawa ku riƙa yi wa 'yan majalisarmu in sun zo gaisuwa ita ce, in wanda aka ba bindiga ya zalunci mai gona a ƙauye, wace ƙofa zai buga, kuma kurtun da ya ga ogansa na ɓarna wa zai kare shi in ya buɗe baki.

In Allah ya kai mu babbar sallah ina tafe, zan zo har zaure mu ƙarasa. A gaida Inna da su Baba Ƙarami.

Ɗanka, daga Kennewick.